ZANEN LEƁE: SHIN ALAMAR BAKI TA ISA A KAMA MUTUM DA LAIFI?



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan uwa masu daraja, darasinmu na yau a kan wani abu ne da kowannenmu yake ɗauke da shi a fuskarsa, amma da wuya ka samu wanda ya taɓa tsayawa ya dube shi. Ka ɗauki madubi ka kalli leɓenka da kyau. Za ka ga wasu 'yan tsagogi ƙanana, wasu a miƙe, wasu sun yi reshe, wasu sun gitta juna. To waɗannan tsagogin, masu binciken laifuka sun fi shekara 90 suna magana a kan ko za a iya gane mutum da su kamar yadda ake gane shi da zanen yatsa. Har suna suka ba wa fannin, suna kiransa kailoskofi, daga kalmomi biyu na harshen Girka: ɗaya leɓe, ɗaya dubawa.

Abin da nake so mu fita da shi ɗaya ne: alama daban, yaƙini daban. Zanen leɓe alama ce ta gaske, tana taimakon mai bincike, amma ba ta kai a ɗaure mutum saboda ita kaɗai ba. Za ku ga dalili.

MENE NE ZANEN LEƁE?

Jan ɓangaren leɓe, wato tsakanin fatar fuska da cikin baki, shi ne wurin da tsagogin suke. Masu nazarin fannin suna cewa tun jariri yana ciki suke samuwa, kuma ko ƙuraje sun fito a leɓe, idan suka warke zanen yana komawa yadda yake. Babban rauni, ko ƙuna, ko tiyata, su ne suke iya canza shi.

Idan mutum ya sha ruwa da kofin gilashi, ko ya kafa baki a kwalba, ko ya jingina fuskarsa da gilashin taga yana leƙe, ko ya yanke salatif da baki, to ya bar hoton leɓensa a wurin. Wani a bayyane yake, kamar na mai jan-baki. Wani kuma a ɓoye, ido ba ya gani, don yawu ne da ɗan maiƙon jiki kawai. Irin wannan sai a barbaɗa masa hoda ta musamman, irin wadda ake sa wa zanen yatsa, ko a zuba wani rini mai kama maiƙo, sai zanen ya fito, a ɗauki hotonsa ko a ɗebe shi da salatif mai haske. Daga nan sai a shafa wa wanda ake tuhuma jan-baki, ya danna leɓensa a farar takarda, a ajiye biyun gefe da gefe a gwada.

TAƘAITACCEN TARIHI

A shekarar 1902 wani masanin halittar ɗan Adam mai suna Fischer ya yi bayanin waɗannan tsagogi. A 1932 Edmond Locard, Bafaranshen da ya kafa ɗakin gwaje-gwajen 'yan sanda a birnin Lyon, ya ba da shawarar a riƙa amfani da su wajen gano masu laifi. Wannan Locard ɗin shi ne mai ƙa'idar nan da masu bincike suke tafiya a kanta har yau, cewa abu biyu ba sa haɗuwa su rabu ba tare da ɗaya ya bar wani abu a jikin ɗaya ba. Bahaushe ma ya riga ya faɗa: ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Amma babban aikin a Japan aka yi shi. Wasu likitocin haƙori biyu a Tokyo, Suzuki da Tsuchihashi, sun ɗauki zanen leɓen mutum 1,364 tsakanin 1968 da 1971, suka ce ba su samu biyu da suka zo daidai ba. Tsuchihashi ya duba har da tagwaye masu kama ɗaya, ya ga zanensu yana kusa da juna sosai amma ba ɗaya ba ne. Su ne suka kasa zanen kashi-kashi, kuma rabon nasu shi ne aka fi amfani da shi a duniya:

1. Tsaga miƙaƙƙiya daga sama zuwa ƙasa, wadda ta ratsa leɓen gaba ɗaya.
2. Miƙaƙƙiya amma ta tsaya a hanya, ba ta kai ƙarshe ba.
3. Mai reshe, kamar gwafa.
4. Masu gitta juna.
5. Mai kama da raga.
6. Wadda ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ana raba leɓe gida huɗu, sama dama da hagu, ƙasa dama da hagu, a rubuta irin zanen kowane gida. A ƙasar Poland an ƙara faɗaɗa aikin, inda wani masani Jerzy Kasprzak ya fitar da siffofi 23 da ake dubawa, kuma an yi amfani da hanyar a shari'o'in sata da kisa a can. Nan gida ma ba a bar mu a baya ba: malaman sashen ilimin sassan jikin ɗan Adam na Jami'ar Bayero ta Kano sun yi nazari a kan zanen leɓen mutanenmu, sun wallafa.

Mumini idan ya ji wannan, imaninsa ƙaruwa yake. A Suratul Balad Allah Ya lissafa laɓɓa biyu cikin ni'imomin da Ya yi wa ɗan Adam, kuma a Suratur Rum Ya sanya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinSa. Ɗan wurin da bai wuce faɗin yatsa ba, kowa da irin nasa ado. Tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

TO INA MATSALAR TAKE?

Ku lura da kyau, don nan ne zuciyar darasin. Tambaya biyu ce ake cakuɗawa. Ta farko: shin leɓen kowa daban yake? Ta biyu: shin ɗan tabon da aka samu a bakin kofi ya isa a ce wane ne ya bar shi, ba wani ba? Ko da an amsa ta farko da e, ta biyun tana nan tsaye.

Na ɗaya, leɓe nama ne mai laushi da motsi, ba kamar yatsa ba da yake da ƙashi a bayansa. Mutum ɗaya, idan ya danna da ƙarfi zanen daban, idan ya taɓa sama-sama daban, baki a buɗe daban, a rufe daban. Mu da muka san hunturu ba sai an yi mana bayanin yadda leɓe ke bushewa ya tsattsage ba. Tsagar sanyi za ta iya fitowa a hoto kamar ta halitta.

Na biyu, abin da ake samu a wurin laifi yawanci guntu ne, ya goge, ko ya hau kan wani. Kofi ɗaya mutum nawa suke sha da shi a majalisa ko teburin mai shayi?

Na uku, yawan mutanen da aka yi gwajin a kansu. Mutum dubu ɗaya da 'yan kai ba su isa a yanke hukunci da su a kan mutum biliyan 8 ba. Zanen yatsa an fi shekara 100 ana tara shi, akwai rumbunan ajiya masu ɗauke da na miliyoyin mutane. Leɓe ba shi da irin wannan.

Na huɗu, babu ma'auni guda da aka haɗu a kansa. Alama nawa ce za ta dace kafin a ce shi ne? Kowane gwani da idonsa. Hatta da'awar da ake yawan yi cewa ana gane namiji ko mace daga zanen leɓe, wasu masana sun tattara binciken da aka yi a kai suka auna shi a 2021, suka ce hujjar mai rauni ce.

Na biyar, ko zanen ya tabbata naka ne, abin da ya nuna kawai shi ne bakinka ya taɓa wannan abin. Yaushe? A ina? Don me? Alamar ba ta magana.

Shi ya sa a yau idan aka samu tabon leɓe, abin da ya fi daraja a cikinsa shi ne yawun, domin ana iya ciro ƙwayar halitta daga ciki, wato DNA, wanda gwajinsa ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

ƘISSAR DA YA KAMATA KOWA YA SANI

A watan Disamba na 1993 an harbe wani mutum har lahira a garin Elgin da ke jihar Illinois a Amurka. Kusa da wurin an tsinci wani naɗin salatif mai kauri, a jikinsa akwai zanen leɓe. Aka gurfanar da wani saurayi mai suna Lavelle Davis. Gwanaye biyu na ɓangaren gwamnati suka tsaya gaban kotu suka ce zanen nasa ne, suka ƙara da cewa wannan hanya karɓaɓɓiya ce kamar zanen yatsa, har hukumar FBI ta yarda da ita. Ban da wannan salatif ɗin babu wani abu na zahiri da ya haɗa shi da kisan, sai maganar masu ba da shaida da ke da tangal-tangal. A 1997 aka same shi da laifi, aka yanke masa shekara 45. A 1999 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin.

Daga baya da aka sake buɗe maganar, wasu ƙwararrun masu nazarin zanen yatsa suka zo suka ce sam, gwada zanen leɓe bai zama ilimi tabbatacce ba, kuma ta bayyana cewa FBI ba ta ɗauke shi hanyar tantance mutum ba. A 2006 alƙali ya rushe hukuncin, yana mai nuna cewa lauyan da ya kare shi bai ƙalubalanci wannan shaida yadda ya kamata ba. A 2009 masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar. Ka lissafa, ɗan uwa: daga 1997 zuwa 2009, shekara 12 ke nan sunan kisan kai yana wuyan mutum, kuma ginshiƙin shari'ar tabon baki ne a jikin salatif.

Kada wani ya ce ai leɓe ne shi ya sa. Zanen yatsan ma da ya fi ƙarfi an taɓa yin tuntuɓe da shi. Bayan harin bama-baman jiragen ƙasa a Madrid ta ƙasar Sifen a watan Maris na 2004, FBI ta ce zanen yatsan da aka samu a jikin wata jaka na wani lauya ne Musulmi a jihar Oregon, Brandon Mayfield. Gwanayensu uku suka haɗu a kan haka. Aka tsare shi mako biyu, sai 'yan sandan Sifen suka gano zanen na wani ɗan Aljeriya ne. Gwamnatin Amurka ta ba shi haƙuri, ta biya shi dala miliyan 2 a 2006. Kuma a 2009 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto cewa in ban da gwajin DNA, babu wata hanya cikin hanyoyin binciken laifi da aka tabbatar tana iya danganta alama ga mutum guda da cikakken tabbaci a kowane lokaci. Idan yatsa ya yi haka, ina ga leɓe?

MAHANGAR FIƘIHU

Irin wannan alama malamanmu suna kiranta ƙarina, jam'inta ƙara'in: abu bayyananne da ake kafa hujja da shi a kan ɓoyayye. Kuma ba baƙuwa ba ce a shari'a.

A Suratu Yusuf mu dubi riga biyu, kowacce da darasinta. Riga ta biyu, wadda aka yage ta baya, ita ce ta wanke Annabi Yusuf (AS) daga ƙazafin matar Aziz. Ka ga ƙarina ta kuɓutar da mai gaskiya. Riga ta farko kuwa, wadda 'yan uwansa suka shafa wa jinin ƙarya, alama ce da aka ƙirƙira. Malaman tafsiri irin su Ƙurɗubi sun ambata cewa Annabi Yaƙub (AS) ya lura rigar ba ta yage ba, to wane irin kerkeci ne zai cinye yaro ya bar rigarsa lafiya lau? Wato ya auna alama da wata alama. Sura ɗaya ta koya mana a yi aiki da ƙarina, kuma a binciki ita ƙarinar.

A Sunna, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Mujazziz ɗan ƙabilar Mudlij, gwanin ƙiyafa, ya ga ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama alhali sun lulluɓe kawunansu, ya tabbatar da dangantakar jini a tsakaninsu, Annabi (SAW) ya yi farin ciki. Haka a ranar Badar, da samari biyu kowanne ya ce shi ya kashe Abu Jahal, sai da ya duba takubbansu. Ashe duba alamar jiki da alamar makami, da neman ra'ayin gwani, abu ne mai asali.

Ibnul Ƙayyim a littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya ya tafi a kan cewa bayyina ba ta taƙaita ga shaidu ba, duk abin da ya fito da gaskiya fili bayyina ce. Ibnu Farhun, malamin Malikiyya, ya ware babi a kan hukunci da alamomi a Tabsiratul Hukkam. Amma shi Ibnul Ƙayyim ɗin ne ya kawo labarin mahaucin da aka kama a kango zamanin Sayyidina Ali (RA), wuƙa da jini a hannunsa, ga gawa a gabansa. Ashe dabba ya yanka, fitsari ya shigar da shi kangon. Har an tafi za a kashe shi, sai ainihin mai laifin ya fito ya tona kansa. Wuƙa da jini a kan gawa, akwai alamar da ta fi wannan ƙarfi a ido? Amma ga yadda ta kasance.

Saboda haka ƙara'in hawa-hawa ne: akwai mai ƙarfi da ta kusa yaƙini, akwai matsakaiciya, akwai mai rauni. Kuma ƙa'idar da malamai suka haɗu a kanta ita ce haddi yana faɗuwa idan akwai shubuha, sannan asali mutum kuɓutacce ne har sai an tabbatar. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 16 a Makka cikin 2002, ta halatta dogaro da gwajin DNA wajen binciken laifuka, da kafa hujja da shi a laifukan da ba na haddi ko ƙisasi ba. Ku duba fa: DNA ke nan da duk ƙarfinsa aka yi masa wannan iyaka.

Abin da nake gani a kan zanen leɓe, a matsayin da iliminsa yake a yau, shi ne:

1. Ya halatta mai bincike ya ɗauke shi ya yi aiki da shi, don ya taƙaita waɗanda ake zargi ko ya san inda zai fuskanta.
2. Ba a tsayar da haddi ko ƙisasi da shi.
3. Ko a hukuncin ta'aziri ba ya tsayawa shi kaɗai, sai ya samu abokan tafiya: shaidu adilai, ko iƙirari ba tare da tilas ba, ko wasu alamomi masu ƙarfi.
4. Wajibi ne alƙali ya tambayi gwani: wannan hanyar taku an gwada ta? Sau nawa take kuskure? Su wa suka yarda da ita? Farar riga da digiri ba su ne hujja ba. Gwanin da ya ce ya tabbata alhali zato yake yi, ya ji tsoron kada ya faɗa shaidar zur, wadda take cikin manyan zunubai.

ABIN DA YA SHAFE NI DA KAI

Na farko, idan an yi sata ko wani ta'asa a gida ko a shago, kada a yi ta ɗaukar kaya ana gogewa ana wankewa, kada jama'a su cika wurin. Kofi, kwalba, guntun sigari, a bar su inda suke har masu bincike su zo. Wataƙila abin da ka wanke shi ne zai kama azzalumi, ko ya wanke wanda ake zargi.

Na biyu, mu ji tsoron Allah a kan yanke hukunci da ido. Idan gwanaye masu na'ura da ɗakin gwaji sun yi kuskure har mutum ya ɗauki shekaru, ina ga taron da zai rufe mutum da duka don wani ya yi ihun ɓarawo? Ina ga wanda zai ɗora hoton bawan Allah a intanet da sunan mai laifi don kawai ya yi kama da wani? Zato zunubi ko da ya zama gaskiya, in ji masu iya magana.

Na uku, ga ma'aurata. Tabon jan-baki a kofi, a riga ko a kujerar mota, ba hujja ba ce ta alfasha. 'Yar uwa, ɗan uwa, gidaje nawa ne suka mutu a kan abin da bai kai wannan ba? Shari'a ta sa shaidu huɗu a tuhumar zina, ta sa bulala 80 ga mai ƙazafi, don ta tsare mutunci. A tambaya cikin natsuwa, a yi tabayyuni.

Na huɗu, akwai masu cewa suna karanta halin mutum ko abin da zai same shi daga zanen leɓensa, kamar masu duban tafin hannu. Wannan ba kimiyya ba ce, duba ne da aka canza wa riga. A nisance shi.

Na biyar, ga ɗalibanmu masu karatun likitanci, haƙori, sinadarai da lauya: wannan fage yana buƙatarku. Tsayar da adalci farilla ce a kan al'umma, kuma abin da farilla ba ta cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Muna buƙatar gwanin da ya san aikinsa, kuma yake da tsoron Allah da zai ce wa alƙali: ranka ya daɗe, iyakar abin da wannan alama ta nuna ke nan, ba ta wuce nan ba.

Daga ƙarshe, mu tuna akwai kotun da ba a buƙatar hoda ko salatif a cikinta. Suratu Yasin ta ba mu labarin ranar da za a rufe bakuna, hannaye su yi magana, ƙafafu su ba da shaida. Kafin wannan rana, mu kula da abin da yake fita ta tsakanin waɗannan laɓɓa biyu, musamman idan mutuncin wani ko jininsa ne a kai.

Allah Ya tsare mu daga zaluntar wani ko a zalunce mu, Ya ba alƙalanmu da masu bincikenmu basira da tsoronSa. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.